Yadda Ƙwayar Cutar Shawara Ke Aiki da Kayan Jikinmu

Da zarar an ce sauro, abin da ke zuwa mana a rai shi ne zazzaɓin cizon sauro. To akwai wani sauron daban mai suna Aedes, baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo. Shi ne ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengue. Ƙwayar da ke kawo waɗannan cututtuka ana kiranta bairas, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ta.

Bairas ɗin shawara ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Abin da yake ɗauke da shi saƙo ne ɗan gajere da ake kira RNA, wanda ke da bayanin furotin guda 10 kacal. Mu kuwa jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sel, kuma kowane sel yana ɗauke da bayanin furotin kusan 20,000. Saboda haka bairas yana shigowa ne ya ari namu.

Mu ɗauki sel a matsayin shagon tela. Da sauro ya ciji mutum, bairas zai shiga jiki ya manne da wani furotin da ke bayan sel. Sel ɗin zai ɗauka abu ne mai amfani, sai ya haɗiye shi cikin wata 'yar jaka. Cikin jakar akwai tsami, kuma tsamin nan shi ke sa bairas ya buɗe ya saki saƙonsa. Daga nan kekunan ɗinkin sel, wato ribosom, za su karanta saƙon su ɗinka masa doguwar igiyar furotin guda ɗaya. Igiyar ba ta da amfani sai an yanka ta gida 10. Wasu wuraren almakashin bairas ke yankawa, wasu kuma almakashin sel ɗinmu ne. Har sababbin bairas ɗin ma ba sa iya kama wani sel sai wani furotin namu mai suna furin ya yi musu yankan ƙarshe. Idan suka cika hanta suka lalata ta, sai idon mara lafiya ya koma rawaya.

Wannan ne ya sa masana ke neman magani ta hanya biyu. Ta farko ita ce a lalata kayan aikin bairas kansa, kamar almakashinsa ko furotin da ke kwafa masa saƙo. Matsalar ita ce bairas yana saurin canza kama, har magani ya daina kama shi. Ta biyu ita ce a toshe furotin namu da yake ara, tunda shi ba zai iya canza namu ba. Amma a nan ma akwai haɗari, domin jiki yana buƙatar furotin ɗin don nasa aikin. An taɓa gwada wannan dabara aka yi nasara a kan cutar ƙanjamau: maganin maraviroc da aka amince da shi a 2007 yana toshe wata ƙofa ce ta sel ɗin mutum.

Har yanzu babu maganin da ke kashe bairas ɗin shawara kai tsaye, sai dai a kula da mara lafiya a asibiti. Abin da muke da shi allurar rigakafi ce. A 1927 aka fara ciro bairas ɗin daga jinin wani mutumin Gana, daga shi ne Max Theiler ya samar da allurar a 1937, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1951. Allura ɗaya ta isa mutum tsawon rayuwarsa, kuma a Najeriya ana yi wa jarirai ita a wata tara. Duk da haka cutar ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017.

Don haka idan mun koma gida yau, mu tambayi iyayenmu ko an yi mana allurar, mu da ƙannenmu. Mu rufe randa da duro, mu zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, domin a nan Aedes ke yin ƙwai. Duk wanda ya yi zazzaɓi idonsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya sayen magani a kemis. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.