Turancin Ƙasan Allo: Me Ya Sa "Ya Tafi" Ke Komawa "He Have Go"?

Kwanakin baya muna kallon wani fim tare da wata maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. An zo wajen da jarumin ya shigo gida yana kuka, ya ce, "Inna, Baba ya rasu." Mu duk jikinmu ya yi sanyi. Ita kuwa sai ta fashe da dariya. Dalili? A ƙasan allo an rubuta "Father is die." Darakta ya sha wahala, jarumi ya zubar da hawaye, kalmomi uku sun ɓata komai.

A da, wannan ba abin damuwa ba ne. Lokacin da Turmin Danya ya fito a 1990, don masu jin Hausa aka yi shi. Yanzu kuwa finafinanmu suna tashar Africa Magic Hausa, suna YouTube, ana kallonsu a Legas da Akara da Landan. Wanda ba ya jin Hausa, wannan rubutun na ƙasan allo shi ne fim ɗin a wurinsa.

To ina matsalar take? A Hausa, ɗan ƙaramin lamirin da ke gaban aikatau shi ke nuna lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. "Tafi" tana nan yadda take. Turanci ba haka yake ba, aikatau ɗin ne da kansa ke sauya riga. Riguna uku ne ya kamata mai fassara ya haddace: go, went, gone, see, saw, seen, eat, ate, eaten, take, took, taken.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Bayan has, have ko had, ta ukun ake sawa. Bayan did, will ko can, ta farkon ce. Saboda haka "ya tafi" ita ce "he has gone" ko "he went", ba "he have go" ba. "Kin gan shi?" ita ce "did you see him?", ba "did you saw him?" ba, domin did ta riga ta ɗauke nauyin lokacin da ya wuce. He da she kuma has da does suke ɗauka, ba have da do ba. Baban jaruminmu kuwa "has died" ne, ko "is dead".

Sai kuma inda aka fi kwafsawa, wato ɗauko Hausa a sa mata rigar Turanci. Mu da "ji" ɗaya muke jin magana, mu ji yunwa, mu ji ƙamshi. Bature ya raba su. "Ina jin yunwa" ita ce "I am hungry", amma sau nawa ka ga "I am hearing hunger"? Haka "sha": magani take ake cewa, sigari smoke, ruwa ne ke da drink. Wanda ya ci jarrabawa passed ya yi, ba ate ba! Idan yarinya ta ce wa ƙawarta "ara mini gyalenki", lend take nufi. Borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa.

Masoya ma ba su tsira ba. "Ina son ki" a bakin jarumi "I love you" ce kawai. "Na san shi" kuma "I know him". Aikatau irin su know da want ba a cika maƙala musu -ing ba, don haka "I am knowing him" kuskure ne.

Wani zai ce ai ana gane abin da ake nufi. Gaskiya ne, wani lokacin. Amma ku tuna ƙannenmu da ke gaban talabijin kullum suna karanta wannan rubutu, gobe su zauna jarrabawar WAEC ko NECO su zuba shi yadda suka gani. Ido ba ya mantuwa da abin da ya saba gani.

Furodusoshinmu, don Allah a duba. Wanda ya iya biyan kuɗin kyamara da otal da sutura, ba zai gaza biyan malamin Turanci guda ya karanta fassara kafin fim ya fita ba. Ku kuma 'yan kallo, idan kun ga kuskure kun gama dariya, ku gyara wa ƙaramin da ke zaune kusa da ku.