Kujerar Tausa da Dogon Zaman Kallo

Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kallo ya zama jiki a ƙasar Hausa. A Bagwai, manomi kan taso daga aikin rani a madatsar ruwa ta Watari, ya zauna bisa benci a gidan kallo. Wasu masu hali kuwa kan girke kujerar tausa ta lantarki a gaban talabijin, irin wadda Nobuo Fujimoto ya fara ƙerawa a Japan a 1954. Shin wannan kujera tana kawar da illar dogon zama?

Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau zuwa zuciya. Tsokar sha-raɓa ce ke matsa jijiyoyi ta tura shi sama yayin tafiya, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin kuma su hana shi komawa ƙasa. Idan zama ya tsawaita, jinin kan taru a ƙafa, wani lokaci ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu. A 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye a jirgi ko mota na ninka wannan haɗari.

Tausa kan sassauta tsokar baya, amma ba ta maye gurbin tattaki. Hasali ma, mai kumburi da zafi a ƙafa ɗaya ya guji tausa, ya garzaya asibiti. Saboda haka, mai benci da mai kujera maganinsu ɗaya: a miƙe a ɗan taka duk bayan awa guda. Motsi ya fi laɓewa.