Hoton kaya a waya: yadda haske ke canza launin haja

Unguwar Gassi tana kudu maso gabashin Njamena, a gunduma ta 7, wajen kogin Shari, inda ginin Majalisar Dokokin Chadi yake. Daga nan zuwa Babbar Kasuwa tafiya ce mai cin kuɗin babur. Shi ya sa mai sayar da lafaya, shadda, humra ko garin shebe daga cikin gida take dogara da wayarta: ta ɗauki hoto, ta ɗora, mai saye ya zaɓa, mai babur ya kai masa.

Wannan ciniki bai daɗe da samun gindin zama ba. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafofin sada zumunta a Chadi, wata 16 cur. Bayan an buɗe da 'yan watanni, a Nuwamba 2019, WhatsApp Business ya fito da kundin kaya, inda ɗan kasuwa zai jera haja har 500, kowace da hoto da farashi.

Rigimar da ta fi yawa a kan launi take. Idon mutum yana gyara launi da kansa, fari fari ne gare shi ko a rana ko a fitila. Waya kuwa kintace take yi. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen kelbin 5,500, ƙwan fitila mai ja-ja kuma wajen 2,700. Idan aka ɗauki shuɗiyar shadda a ɗaki, fitila a kunne, rana kuma tana shigowa ta taga, sai wayar ta rasa wanne za ta bi, launi ya jirkice. Kaya ya isa, mai saye ta ce ba shi ta gani ba, alhali babu wanda ya yi niyyar cuta.

Maganin ba ya cin ko sisi. A kashe fitila, a shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar rumfa da hantsi. A guji tsakar rana, domin Njamena, kamar Kano, tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana kan tsaya bisa kai ta ƙone launi. Da hunturu ƙura tana tausasa haske, amma tana sa masa rawaya, tana kuma kwanciya a gilashin kyamara, don haka a goge kafin a danna.

Shadda ita ce mai wuyar sha'ani. Filasha tana haɗiye zanenta, ta bar farin tabo kawai. In haske ya zo daga gefe, sai furen saƙar ya tashi, sheƙin ya fito yadda yake. Kwalbar humra kuma haske daga baya take so. A ajiye tef ɗin tela a gefe don a san girma. Ko Amazon yana da nasa sharaɗin hoto: farin bango, kaya ya cika kashi 85 cikin ɗari na hoton.

Abin da ba na goyon baya shi ne ƙara wa hoto launi da manhaja, ko ɗauko hoton wani daga intanet a ce nasa ne. Wannan algus ne, kuma a unguwar da kowa ya san kowa, labari ba ya kwana.

WhatsApp yana matse hoto, ƙananan zane su dushe. Tun 2023 akwai maɓallin HD, ya fi cin data, amma ga yadi mai tsada ya cancanta.