Ciwon da Ba a Auna Ba: Me Ya Sa Ƙonni, Malbaza da Illela Ke Bukatar Masu Bincike

A shekarar 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Ruwa ne garau, ba wari, ba launi. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa rinewa, ƙafafuwansu suna lanƙwashewa. An shafe fiye da shekara goma kafin a tabbatar cewa sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan ya ninka, fiye da sau uku, iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Awon da zai gano haka ba mai wuya ba ne. Mai yin sa ne babu a kusa.

Haka ta faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. An ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika da jinin yaran awo.

To, mu fa? A Birnin Ƙonni, ruwan madatsun Mozage da Zango ne ke ciyar da gonakin rani. Albarka ce babba, amma ruwan magudana mai tafiya a hankali shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaro ya yi wanka, tsutsar ta ratsa fata, bayan makonni fitsari ya koma jini. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar wannan alamar girma ce, alhali mafitsara da ƙoda ne ke lalacewa. Maganin yana nan, amma in ba a san wace magudana ce ke da dodon ba, yaron zai warke yau ya sake kamuwa gobe.

Sai maganin feshi. Manomin albasa a Galmi ko a fadamun Illela yakan yi feshi ba safar hannu, ba takunkumi, sannan uwargida ta wanke galan ɗin ta zuba ruwan sha. Wasu kuma na yayyafa piya-piya a buhun wake. Ciwon kai, dalalar miyau, rawar jiki da wahalar numfashi bayan feshi ba gajiya ba ce; a garzaya likita, a tafi da kwalbar maganin. A Malbaza kuwa, garin siminti da fasa dutse tun shekarun 1960, ƙurar da ake shaƙa ta cancanci awo a kai a kai, domin amfanin ma'aikata da na masana'antar kanta.

Ma'aikacin likitar ƙauye an koya masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma yana iya ƙoƙarinsa. Amma gano cewa marasa lafiya goma rijiya ɗaya suke sha, wannan wani fanni ne daban: ɗaukar samfurin ruwa, ƙasa, iska da jini, da bin sawun cuta gida-gida. Cibiyar CERMES da ke Yamai ta daɗe tana binciken sanƙarau da tsargiya, sai dai Yamai ta fi kilomita 400 daga Ƙonni. A ganina, jami'o'in Tawa da Maraɗi ne ya kamata su horar da 'ya'yan yankin, maza da mata, don matar aure ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace mai jin yarenta.

Kafin nan, in kun ga ciwo iri ɗaya a gidaje da dama, ko dabbobi na mutuwa bayan shan ruwa wuri guda, ku sanar da mai gari da likita mafi kusa. In masu bincike sun zo neman ɗigon jini ko kwalbar ruwa, ku tambayi takardar izininsu, ku ba su haɗin kai, kuma ku nemi su dawo su faɗa muku sakamakon a bainar jama'a.