Katin da Ya Faɗi Ƙasa Shi Ke Yanke wa Na Hannunka Farashi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan Whot, a ɗakin kwanan ɗalibai a Birnin Kebbi ne ko a gindin dogonyaro a Masama lokacin hutu, ya san kukan nan: "Wallahi mai rabon nan ne ya cuce ni." Sau da yawa ba laifin rabo ba ne. Mutum ne ya kalli katinsa biyar sau ɗaya, ya yanke musu hukunci, bai ƙara duban abin da ke zuba a tsakiya ba.

Mu fara da ƙirga kayan wasan. Whot, wanda William Henry Storey ya fito da shi a Ingila a 1935, kati 54 ne, kuma ba a raba su daidai ba. Mai ƙwallo 12 ne, mai kusurwa uku 12, kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7 kacal, sai Whot mai lamba 20 guda 5. Babu 6, babu 9. Lambobin 1, 2, 3, 5 da 7 kowace biyar-biyar ce, 4 da 8 uku-uku, ita kuwa 12 biyu ce tak a duk kwalin.

To me wannan zai amfana maka? A ce an raba biyar-biyar, ka sami ƙwallo uku. Saura ƙwallo 9 cikin kati 49 da ba ka gani ba. Da taurari uku ka samu, saura 4 cikin 49. Ke nan damar a buɗe maka ƙofa ta ragu fiye da rabi, ga shi in kasuwa ta ƙare aka zo ƙirge, tauraro ninki biyu ake lissafa shi. Don haka a farkon wasa tauraro kaya ne, da ka sami hanya ka sauke.

Amma wanga hukunci ba na dindindin ba ne, kuma inda aka fi nazarin dalilin shi ne wani wasan foka na Amurka da ake kira sitod mai kati bakwai, wanda ya yi tashe kafin Texas Hold'em ya danne shi. Da kati 52 ake yi, gida huɗu, kowane gida 13. Ana fara ba kowa uku, biyu a rufe, ɗaya a buɗe kowa na gani. A nan mutum zai zaɓa: ya ci gaba har kati bakwai, ko ya ajiye. Hannun farko iri 22,100 ne. Samun uku masu lamba ɗaya sau ɗaya ne cikin 425, ba abin jira ba ne. Wanda ya fi koyarwa shi ne kati uku 'yan gida ɗaya, inda ake neman ƙarin biyu cikin huɗun da za su zo a cika biyar.

A teburi mai mutum takwas, kana ganin naka uku da na abokan wasa bakwai, saura 42 a ɓoye. In babu ɗan gidanka ko ɗaya a fili, goma na nan da rai, damarka ta kai kusan kashi 24 cikin ɗari. In uku sun bayyana a gaban wasu, ta dawo kashi 12. In huɗu ne, kashi 9. Katin hannunka bai motsa ba, amma darajarsa ta karye, saboda abin da kake jira yana gaban wani. Masu lissafi a cikinmu su gwada da kansu, darasin yiwuwa ne da aka yi mana a aji, an dai sa masa wata riga.

Akwai gyara na biyu da ya shafi mutanen da ke zaune. Inda kuɗin da ake zubawa kaɗan ne, mutane ba sa ajiye kati, kowa cewa yake bari in ga na gaba. A irin wannan teburi barazana ba ta aiki, ba wanda za ka tsorata. Ƙananan tagwaye, kamar 4 biyu, suna rage daraja, don cikin mutum biyar da suka liƙe da wuya a rasa wanda zai wuce su. Hannun da zai iya girma ya yi ƙarfi sosai shi ke ƙara daraja, muddin katinsa na da rai.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an ba shi sana'a. Caca haramun ce, kuma Jihar Kebbi na ƙarƙashin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Ko ta fuskar lissafi ma, "ai ɗari biyu ce kawai" yaudarar kai ce. Mutum huɗu su zuba ₦200 kowanne, mai gida ya cire ₦50 a kowane zagaye: bayan zagaye 20, ₦1,000 ta bar teburin, ba wanda ya ci ta da gwaninta. A wurin ɗalibi kuɗin mota ne da na hoton takardu. Whot ɗinmu ta nishaɗi ta ishe mu gwada ƙwaƙwalwa.

A can ɗin ma dokar ɗaya ce. Tauraron da muka kira kaya yana iya zama makami. In biyar sun faɗi, biyun da suka rage suna hannunka tare da Whot, kuma ba a sake gauraya na ƙasa ba, ka jefa Whot ka nemi tauraro. Ba mai amsa maka sai mai wata Whot ɗin, sauran duk kasuwa za su. Haka in ka lura abokin wasa ya tafi kasuwa a kan ƙwallo, kuma kana da 12 da 7 na ƙwallo, 12 za ka sa. Bakwai tana da 'yan'uwa huɗu da zai iya sauya fasali da su, sha biyu kuwa ɗaya gare ta, in ma ba ta riga ta faɗi ba.