Me Ya Sa Furojat Ɗinka Ya Ƙi Tashi a Kwamfutar Lab?

'Yan ajin ƙarshe a sashen kwamfuta sun san wannan tashin hankalin. Manhaja tana aiki lafiya lau a laftof, ɗalibi ya kwafe ta a filash har da fakitocin da ya sauke, ranar kare furojat ta ce atafau ba za ta tashi ba. Nan take a hau zargin bairos. Sau da yawa kuwa ba ruwan bairos, sigar Python ce ta bambanta.

Fakitocin Python kashi biyu ne. Akwai na Python zalla, irin su requests, waɗanda sunan fayil ɗinsu ke ƙarewa da py3-none-any.whl. Waɗannan ba su cika rigima ba. Masu rigimar su ne irin NumPy da pandas, da ke ɗauke da sassan da aka riga aka juya zuwa harshen inji. Ɗinki ne aka yi daidai jikin siga ɗaya: fakitin ya san inda kowane abu yake zaune a ƙwaƙwalwar Python 3.11, ita kuwa 3.12 ta sauya wa wasu kayan wuri. Shi ya sa ko kallon fayil ɗin ba za ta yi ba.

Duba sunan da kyau: numpy-1.26.4-cp311-cp311-win_amd64.whl. Wannan cp311 ɗin yana nufin Python 3.11, ragowar kuma Windows mai bit 64. Daga 3.11.2 zuwa 3.11.9 babu matsala, lambar tsakiyar ce abin lura. Idan ka ga abi3 a sunan, ka huta, an gina shi ne don ya yi aiki da sigogin da ke gaba, sai dai ba kowane fakiti ke yin haka ba.

Ga shi kuma duk watan Oktoba ake fitar da sabuwar Python, kuma fakitoci ba sa biyo ta rana ɗaya. Rawar ƙafar sauke sabuwa fil ana tsakiyar furojat, wallahi neman magana ne. Ko NumPy kanta, da ta fitar da 2.0 a Yunin 2024, sai da aka sake gina fakitocin da suka jingina da ita.

Saboda haka tun da sauran mako guda, je ka lab ka buga python --version. In ta saɓa da taka, sa irinta a laftof ɗinka, ka yi pip download ranar da kake da data, ka zuba fayilolin a filash, ka gwada su a kan ainihin kwamfutar da malamai za su zauna gabanta.