Raunin da soja ke dawowa da shi gida

Matameye gari ne na noma da lambuna da cinikin kan iyaka, cibiyar gundumar Kantche a jihar Damagaram, nesa da fagen daga. Amma daga garuruwa irin wannan ake ɗibar sojan Nijar, kuma nan yake dawowa in ya samu hutu ko ya ajiye kaki. Tun Fabrairun 2015 da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa, sojojin ƙasar ba su huta ba. A Inates, cikin Disambar 2019, an kashe soja 71, wata guda bayan haka aka kashe 89 a Chinagodrar. Ƙasa ta yi zaman makokin waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tsira, suka ɗauki gawar abokansu da hannunsu, ba a cika tambayar halin da suke ciki ba.

Da yawansu sukan dawo jiki ba tabo, amma barci ya ƙaurace musu. Mutum ya zabura tsakar dare yana gumi, tayar babur ta fashe ya kwanta ƙasa, ya daina zuwa fadar da ya saba shan shayi, ƙaramin abu ya sa ya hau iyalinsa da faɗa. Wani ya koma ga taramol don ya manta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun sa wannan hali cikin jerin cututtuka a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. A shekarar 2000 kuma masana a Ingila suka tattara bincike 77, suka gano cewa rashin mai tallafa wa mutum bayan bala'i yana cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya kama shi. Ke nan yadda gida da unguwa suka karɓi soja yana cikin maganinsa. A nan Matameye na da abin da manyan birane suka rasa: zaure, fada, gayya, liman da mai unguwa da suka san uban kowa.

Wani zai ce Musulmi haƙuri da addu'a sun ishe shi. Babu mai musun amfanin addu'a, kuma sau da yawa ita ke riƙe mutum ranar da komai ya kwance masa. Sai dai wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a ana kuma kai shi wurin maɗori. Kuskuren yana zuwa ne in aka ce wa mai firgita imaninsa ne ya yi rauni, ko aka yanke cewa iska ce kawai, ko yara suka fara kiransa mai taɓin hankali. Namijin da aka horar kada ya nuna tsoro, da ya ji haka sai ya ja bakinsa ya yi shiru, matarsa ce kuma ke kwana da abin ita kaɗai.

Wani kuma zai ce gwamnatin da ta tura shi ita ya kamata ta kula da shi. Gaskiya ne, fansho da magani haƙƙinsa ne, kuma ya dace a ci gaba da neman su da babbar murya. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ba su da yawa, mafi yawansu suna Yamai. Saboda irin wannan ƙaranci ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shiri a 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan ƙwaƙwalwa. Ko da ma'aikacin ya ƙware, sojan da ke jin kunya ba zai kai kansa ba. Sai an samu aboki ko yaya da zai zauna da shi ba tare da matsa masa ya ba da labarin yaƙi ba, ya ja shi gona, ya lura ranar da ya fara zancen mutuwa, ya raka shi asibiti, in ta kama har Damagaram.